Ƙafar Zalɓe a Bangon Gidan Gishiri

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a benci sai wani ya ce, "Bukar, wai da gaske teku ba shi da ɗaya gefen?" Malam Bitrus kuwa, da yake malamin makaranta ne, har da ɗan littafinsa yake zuwa, wai in jera masa sunayen garuruwa. To, yau zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Wanda ya katse ni, wallahi shi zai ƙarasa.

Kun san ni magini ne, ba ruwana da yawon buɗe ido. Yayata Kaltume ce ta ja ni, kuma ba za ku gane dalili ba sai na fara da wata azara. A gidanmu na ƙauye, can bayan Auyo, akwai azarar giginya a tsaye a bakin zaure. Sau uku ana rushe zauren ana sake shi, na ƙarshen ni na gina, amma azarar nan ba a taɓa yar da ita ba. Duk shekara idan ruwa ya cika ya tsaya, ya kwana biyu bai ƙaru ba, babban gida zai ɗauki wuƙa ya ja layi daidai inda ruwan ya kai, ya yi 'yan yatsu uku a ƙarƙashin layin. Ƙafar zalɓe muke ce wa alamar. Maƙwabta suna da nasu, wani zobe, wani ɗigo biyu, amma wannan ta gidanmu ce kaɗai. Idan aka yi ta, an san ruwa zai fara janyewa, hanya za ta buɗe, wanda ke nesa zai iya tahowa gida.

Baban kakarmu, Gambo, Turawa ne suka ɗebe shi soja lokacin da suke yaƙi a tsakaninsu. A kwalekwale aka fitar da shi daga ƙauye, ruwa na tsakiyar cika, kakarmu Iya tana goye a bayan uwarta. Ya ce kafin ruwa ya janye zai dawo. Bai dawo ba. Bayan shekaru wani abokin tafiyarsa ya iso gida, ya ce ya baro shi ba lafiya a wani gidan soja na dutse a bakin teku, wanda idan ka lasa bangonsa gishiri za ka ji, ya kuma faɗi sunan garin. Daga nan muke kiran wurin Gidan Gishiri. Mutanen gari kuma suka ƙara nasu, wai ya samu mace a can, ya ga daɗi, ya manta da matarsa da jaririyarsa. Da wannan magana Iya ta girma, da ita ta tsufa. Yaya Kaltume a ɗakin Iya ta tashi, kuma ta ce min a ciwon ajalinta tsohuwar ba ta nemi komai ba, abin da take ta maimaitawa shi ne, "Da dai na san ko ya tuna da ni."

Bara Sale direba, wanda ke kai barkono Gana, ya ji Yaya tana faɗin sunan garin yadda ya lanƙwashe a bakinmu, ya ce ai ya san wurin, bai da nisa da boda, ginin yana nan amma teku ya ci rabi. Shi ke nan, Yaya ta hana ni sakat. Yanar ido ta fara rufe mata gani, ta ce, "Auta, ko ka kai ni ina ɗan gani, ko ka kai ni ina lalube. Zaɓi ɗaya." Shekarata hamsin da takwas, ina da jikoki, amma a wurinta har gobe Auta nake.

Ranar tafiya ta sa aka ɗebo mata laka daga bakin kogi, ta cusa a robar fenti, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Na ce, "Yaya, mutane na tafiya da kilishi, ke da taɓo?" Ta ce a kan kabarinsa za ta zuba, in ba zan ɗauka ba ta ɗora a kanta. Na ɗauka.

Daga Haɗejia zuwa Kano ba labari. Daga Kano muka shiga doguwar mota zuwa Legas, kuma a nan ne kaina ya fara yin wani iri. Ban saba zama ba aiki ba. Ina gyangyaɗi ina farkawa, in buɗe ido in ga gero, in sake buɗewa in ga doya, in sake buɗewa in ga daji ya haɗe sama, har na daina sanin wanne ne ido biyu. Sau ɗaya na ga motar tana tafiya a kan ruwa, shiru, tsakanin ciyawar kacala, wani mutum a gaba yana tura ta da gora, bai juyo ba. Na zabura, na ɗauka fadamarmu ce, na ce, "Mun iso Guri?" Wata mata mai sayar da atamfa da ke kusa da mu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mun wuce Kwara tun ɗazu. Ita ce ta riƙa ba Yaya lemo a hanya, ta kuma nuna mana tashar motocin boda a Legas, garin da ban ga komai a cikinsa ba sai bayan motar da ke gabanmu.

A boda ta farko robar lakar ta tsayar da mu. Ma'aikacin ya buɗe, ya duba, ya shinshina, ya yi magana da Faransanci. Ni kuma zafi ya dame ni, ƙafata ta kumbura, na ce da ƙarfi, "Taɓo ne, malam! Taɓo! A ƙasarku babu?" Yaya ta mintsine ni a cinya. Allah ya taimake mu da wata mai sayar da burodi, Bahaushiya ce haifaffiyar can, ta zo ta yi mana tafinta. Ta ce yana tambaya ko magani ne. Yaya ta ce, "Gaya masa ƙasar gidan kakana ce. Ya fita bai dawo ba, ita na kawo masa." Ta gaya masa. Ya mai da tsumman da hannunsa, ya danna murfin sosai, ya miƙa wa Yaya da hannu biyu. Ni kuwa bai ko kalle ni ba, kuma na san na cancanci haka.

Kwatano garin babura ne, sun fi na kasuwar Kafin Hausa ranar cinta sau nawa, ga mata suna tuƙawa da kaya a kansu. Muka wuce. Muna gab da Lome sai itatuwan kwakwa suka buɗe ta hannun hagu, wani abu fari-shuɗi ya bayyana, ba shi da ƙarshe. Yaya ta manna fuskarta a gilashi ta daɗe, sannan ta kama hannuna ta ce, "Innalillahi! Auta, mutanen wancan gefen ina suka kwashe zuwa? An samu fitar da dabbobi?" Ita a ganinta ambaliya ce. Na ce mata teku ke nan, haka yake tun asali. Ta ce, "Ba gonar kowa a ƙarƙashi?" Na ce babu. Ba ta yarda ba, na ga bakinta yana motsi tana yi wa mutanen addu'a.

A Lome na yi nawa abin kunyar. Agogona ya nuna azahar ta yi, na yi alwala na zauna a ƙofar wani masallaci, shiru ba kira. Na ce wa wani dattijo, "Ladanin garin nan barci yake yi ne?" Ya dubi agogona ya dubi nasa, ya ce, "Baƙo, daga Nijeriya kake ko? Ka taho da awa ɗaya a aljihu, ajiye ta sai za ka koma." Na juya agogon ina gunaguni. Wato har rana ma a can ba ta sauri.

Boda ta ƙarshe da ƙafa muka tsallake ta, ba wanda ya taɓa robar. Sale ya riga ya yi mana waya da wata Mma Adiza a zangon garin, unguwar da Hausawa da sauran Musulmi suke. Tsohuwa ce mai ƙiba, mai yawan dariya, kakanta daga Katsina ya zo fataucin goro, ita kuwa ba ta taɓa ganin Arewa ba. Ta sauke mu a ɗaki mai rufin kwano da tsatsa ta cinye gefensa, ta ce iskar gishiri ce, ko cokali ka bari a waje sai ta ci. Da yamma ta kawo dokunu, wani tuwon masara da ake naɗewa a ɓawo, da niƙaƙƙen barkono da soyayyen kifi. Yaya ta kai loma ɗaya ta matso kunnena ta ce, "Tuwon ya kwana, ya yi tsami. Kada ka nuna, baiwar Allah ta yi ƙoƙari." Mma Adiza ta ji, ta fashe da dariya ta ce ai kwana uku ake yi ana jiran tsamin nan. Ni dai na cinye nawa da na Yaya. Da safe sai ga koko da ƙosai, sak irin namu, har sunan bai canja ba. Yaya ta riƙe kofin da hannu biyu ta ce, "To, aƙalla ya sha koko."

A hanyar zuwa ginin muka haɗu da taro, ga kiɗa ga ƙaho, mata da maza cikin baƙi da ja suna rawa, an kafa rumfuna ana rabon abinci. Na ɗaga hannu na ce, "Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya!" Mma Adiza ta ja rigata ta ce jana'iza ce. Wai gawar ta yi wata biyu ana jiran dangi su taru. Na tuna yadda mu kafin rana ta karkata an rufe mutum an dawo an zauna a tabarma. Amma na ga wata mata tana rawa hawaye na zuba a fuskarta, sai na kama bakina.

Gidan Gishiri bai kai girman da nake ba shi a raina ba. Gini ne na dutse da jan bulo a kan wani falalen dutse, an shafe shi da farar ƙasa, gindinsa kuma da kwalta. Ɓangaren gabas babu shi, ɗakunan sun buɗe baki ga ruwa, matakala ta hau ta tsaya a iska. Igwa uku suna kwance a tsakar gida, awaki na hawa kansu. Mai kula da wurin wani tsoho ne siriri, Baba Kofi, Kirista ne, ya yi aikin tuƙi a arewacin ƙasarsu shekaru da yawa, Hausarsa tana fita tsaf. Babansa ma shi ya kula da ginin. Ya zaga da mu yana buɗe ƙofofi da wani ƙaton makulli. Ya nuna mana ɗakunan ƙasa marasa taga, ya ce kafin zamanin soja bayi ake tarawa a nan a jira jirgi. Sannan ya hau da mu ɗakin da ya ce sojojin Hausa suka zauna lokacin yaƙin, suna gadin bakin ruwa. Na sa yatsa a bango na kai baki. Gishiri ne, jama'a, abokin tafiyar Gambo bai yi ƙarya ba.

Yaya ta ce, "Baba, ina maƙabartarsu?"

Baba Kofi ya cire hularsa ya sosa kai. Ya kai mu bakin karyayyen bangon, ya nuna can cikin ruwa inda jiragen masunta biyu ke lilo. Ya ce, "Hajiya, kin ga jirgin can mai tuta? Ƙarƙashinsa. Ina yaro akwai itatuwa a wurin. Babu takarda, babu suna, ban san ko naku yana ciki ba." Yaya ta zauna a kan igwa da robarta a cinya. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Ashe akwai gonar wani a ƙarƙashi." Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushin Sale, na ji haushin kaina da na biye mata muka ƙetare ƙasa uku don mu kalli ruwa.

Washegari ta ce a mai da ita, ita dai ta zauna a wurin. Na bar ta a inuwa na sauka bakin ruwa. Kun san halinmu, ɗan fadama ba ya ganin ruwa kusa da bango ya wuce. Na samu kara na kafa daidai bakin ruwan, yadda muke yi mu ga ko yana ƙaruwa. Na hau na kishingiɗa a ɗakin sojojin, iska na shigowa, ƙarar ruwan na zuwa tana komawa, sai barci ya ɗauke ni da rana tsaka. Na ga Iya tana yarinya, ni da ban taɓa ganin ko hotonta na ƙuruciya ba, tana tsaye a bakin zaurenmu ruwa ya kai mata gwiwa, tana kallon hanya. Na farka wuyana a jiƙe. Na leƙa ƙasa, babu kara, ruwa ya shanye shi ya haura har yana dukan gindin ginin.

Na sauko da gudu ina ihu, "Baba Kofi! Ruwa na tahowa! A nemo buhuna, a kira gayya, yau sai jinga, a tare ruwa!" Masunta da ke gyaran taru a kan yashi suka miƙe suna kallona. Baba Kofi ya ce in zauna in sha kwakwa. Na ce, "Kwakwa? Ruwa ya tashi kamu huɗu tun safe kana ce min kwakwa? A garinmu da yanzu an kwashe yara!" Bai kula ni ba. Bayan la'asar sai ga karana ya fito, ruwa ya koma baya ya bar shi a tsaye. Na ce, "Alhamdulillahi, ya janye, bana kun tsira." Da ya fassara wa masuntan, wani har kwanciya ya yi a yashi don dariya. Baba Kofi ya share hawaye ya ce, "Malam Bukar, sau biyu yake yin haka kowace rana, tun da Allah ya yi shi. Naku sau ɗaya a shekara ne?" Na ce eh. Ya ce, "Kun huta." Ban ji daɗi ba ko kaɗan, na tuge karana na jefar.

Don in huce na shiga duba ginin da idon sana'a, sai na ga buhunan siminti a jibge a wani ɗaki. Baba Kofi ya ce 'yan garin da ke aiki a birni ne suka haɗa suka aiko, gobe za a yaɓe bangon ƙofar ruwa gaba ɗaya, daga ƙasa har sama. Ƙofar ruwa wani ɗan lungu ne da ke sauka da matakala zuwa inda jirage ke sauke kaya a da. Na ce, "Siminti a kan tsohon bango mai danshi? Wa ya ba ku wannan shawara? Bango yana numfashi, Baba. Ka toshe shi, ruwan ya taru a ciki, shekara uku ya tunkuɗo simintin waje ya taho da rabin ginin. Na ga an yi wa masallatan ƙasa haka a garinmu, na ga yadda suka ƙare." Ya ce mutumin da bai san teku na cika ba shi zai koya masa gyaran gidan teku? Na ce teku ne ban sani ba, bango kuwa na san shi tun kafin in yi gemu. Muka sauka lungun muna musu.

Na ciro cokalin ginina, don ba na tafiya ba shi, na ƙwanƙwasa bangon in nuna masa inda ya yi holoƙo. Wani ɓawon tsohuwar kwalta ya ɓalle ya faɗi. A ƙarƙashinsa, a jikin baƙin dutse, na ga layi da 'yan yatsu uku.

Na ɗauka barcin ɗazu ne bai sake ni ba. Na kankare gaba. Ga wata. Ga wata a jikinta. Sun fi ashirin, a cunkushe wuri ɗaya, duk daidai inda ruwan ke tsayawa idan ya cika. Baba Kofi ya ce ya taɓa ganin irinsu ta sama lokacin shafe, ya ɗauka yara ne suka zana ƙafar kaza. Na durƙusa a kan matakalar. Abin da na yi da safe aka yi min dariya, shi Gambo ya yi. Ya ga ruwa ya cika ya tsaya, ya ja alama, ya ce to zai janye, hanya za ta buɗe. Kafin ya juya ruwan ya dawo. Ya sake ja. Allah kaɗai ya san kwana nawa ya yi kafin wani ya gaya masa, ko shi ma dariya aka yi masa.

Na hau na riƙo hannun Yaya na sauko da ita a hankali. Lungun da duhu, ba ta ganin komai, na ɗora yatsunta a kan dutsen. Ta shafa sau ɗaya ta ce, "Wa ya yi wannan? Auta, kai ka yi?" Na ce, "Yaya, dubi zurfinta, dubi yadda bakinta ya lashe. Ta girme ni, ta girme ki." Ta yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya tana salati. Da na gaya mata abin da Baba Kofi ya faɗa sai ta ce, "Baba, ka ce akwai wasu a sama?"

Muka kankare farar ƙasar a hankali, ni da Baba Kofi, shi da wuƙa ni da cokali. Na sama ba a cunkushe suke ba. A jere suke, kowace da tazararta, wata daidai ƙugu, wata ta kusa ƙirji, wata ta sauko. Bakwai. Baba Kofi ya ce, "Wannan kam ban gane ba. Ruwa bai taɓa kaiwa nan ba, ko a zamanin babana." Yaya ta bi su da yatsa har ta bakwai, ta komo ta farko, ta daɗe a tsaye. Ta ce, "Ba ruwanku yake aunawa ba, Baba. Ya gane naku ba ya janyewa, ya rabu da shi. Namu yake aunawa. Duk shekara idan lokaci ya yi sai ya sauko nan ya ce, yanzu ya kai ƙofarmu, bana ƙila ya kai nan." Sai a lokacin ta yi kuka, irin kukan da ban ji ta yi ba ko ranar da mijinta ya rasu. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba.

Da na dawo hayyacina sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce a ba ni guduma da ƙarfe, dutsen nan mai alama ta bakwai da shi zan koma Haɗejia. Baba Kofi ya tsaya a gabana, ɗan siririn tsohon nan, ya ce, "Ka cire shi, na samansa su biyo shi. Kuma mutumin nan shekara bakwai ya kwana a gidan nan. Naku ne, amma namu ne kuma." Na ɗaga murya, na ce gobe-goben nan da siminti za ku binne shi. Yaya ta ce, "Auta, ajiye haukan nan. An raba shi da gida ɗaya, ba za ka raba shi da na biyu ba. Kai ba magini ba ne? Gyara masa."

Kwana tara muka ƙara. Baba Kofi ya kira dattawan masunta, aka yi ta magana da yarensu, a ƙarshe aka yarda simintin ya tafi can waje wurin ɗaure duwatsun da ke karya ƙarfin igiyar ruwa. Bangon kuwa suka nuna min yadda kakanninsu ke yi: a ƙona ɓawon ƙumbar teku har ya yi fari, a jiƙa shi ya dahu, a kwaɓa da yashin da aka wanke gishirinsa. Ban taɓa aiki da abu mai daɗin hannu irinsa ba. Na cike tsagogin da shi, na bar fuskar duwatsun masu alama a buɗe. Suna da rana ɗaya a mako da ba sa shiga teku, ranar suka fito min gayya, maza da mata, suna waƙa irin wadda suke jan taru da ita. Na nuna musu yadda muke jera buhu a jinga, baki a ciki, kowane ya hau kan haɗin biyu. Wanda ya kwanta a yashi yana min dariya shi ya fi kowa ɗauko buhu. Na tambayi Baba Kofi ko yana ganin abin zai riƙe. Ya ce, "Teku zai ci, Malam Bukar, na sani. Ni dai kada ya ci a hannuna."

Ranar da za mu taho, da hantsi ruwa ya koma baya, Yaya ta sa na sauko da ita da robarta. Lakar ba ta bushe ba, kullum tana yayyafa mata ruwa. Ta raba ta biyu. Rabi ta cusa a wata 'yar kafa da na bar mata ƙarƙashin alama ta bakwai, na rufe da farar ƙasa. Rabin kuma ta murza ta danna a kan alamar, ta ɗago a hankali, ƙafar zalɓe ta fito a jiki. Ta juya ta fuskanci wajen jiragen nan ta yi masa addu'a, Baba Kofi na tsaye a baya da hularsa a hannu. Da ta shafa ta ce a hankali, "Kaka, ruwa ya janye."

Dawowar ba na tuna ta sosai, Malam Bitrus, kada ka tambaye ni garuruwa. Na san dai Yaya ta riƙe busasshiyar lakar a ƙirjinta cikin mayafi tun daga can har Auyo, ko a boda ba ta sake ta ba.

Da muka isa ƙauye ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kai ta wurin azara. Ta durƙusa tana lalube ta cikin alamun, ta wuce nawa, ta wuce na Baba, ta wuce na mijin Iya, har ta kai kan waɗansu tsofaffi ƙanana marasa zurfi da ban taɓa kula da su ba. Ta ce Iya ta gaya mata, shekarun da ba namiji a gidan, uwarta ce ke yi da wuƙar girki. Ta ɗora lakar kusa da su. Ta ce, "Ka gani? Shi yana yi a can, ita tana yi a nan."

Da la'asar na tafi maƙabarta ni kaɗai. Kabarin Iya ya kusa shafewa, da ƙyar na gane shi da wata fasasshiyar tukunya. Na yi mata addu'a, na tashi zan tafi, sai na kasa. Na koma na tsuguna na ce, "Iya, ya tuna da ke. Sau bakwai na ƙirga da hannuna."

Shi ke nan labarin. Rufe littafin nan, Malam Bitrus. Kai kuma mai shayi, wannan ya huce, sake min wani.